Rigar Custódio

Rana ta buɗe a Alentejo tun hantsi,
Ermelinda ta shanya zannuwan gado
tsakanin zaitun da bishiyar lemo.
Rana dai ba ta kawo bil a ƙarshen wata.

Ruwan wanke-wanke ba ya zuba a banza,
tumatir ke shanye shi da yamma.
Burodin shekaranjiya ya bushe ƙamas,
tafarnuwa da ƙwai ɗaya sun mai da shi miya.

Jiya ta yayyaga tsohuwar rigar Custódio,
shekara huɗu ke nan da binne shi,
ta ɗaɗɗaure tumatir jikin sanduna.
Ta ce, "Da ranka ba ka taɓa leƙa lambu ba,
yau ga ka nan cikin rana,
riƙe da su."