Cokali Bakwai

Jiya cokali bakwai na kunu ya sha.
Yau biyar.
Ina rubutawa a bayan takardar magani
kamar mai bin bashi,
alhali ban san wa nake bi ba.

Katinsa ya ce an haife shi "wajen" shekara kaza.
Shi kuwa ya ce shekarar da Gulbi ya ci tsohon gari
ya riga ya iya kiwon awaki.
Lissafa da kanka.
Ni na daina.

Nomau majemi, babana.
Fatar jar akuya ta san hannun nan
tun daga Bagalam har Kano.
Yanzu zoben azurfarsa yawo yake a yatsa.
Na naɗa masa zare ranar Juma'a,
ranar Talata na ƙara.

Akwai wani abu ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama,
tauri kamar ɗanyen goruba.
Ni na fara jin sa, ina yi masa wanka,
soso ya tsaya a wurin, ni ma na tsaya,
ruwa ya huce a bokiti.

Majo Sanusi ya latsa, ya daɗe yana latsawa,
sannan ya dubi silin.
Ya ce hoto bai faɗi duka ba,
sai an yanki ɗan nama an kai Yamai.
Bai kira sunan abin ba.
Ni ma ban tambaya ba.
Muka yi sallama kamar waɗanda suka raba sata.

Lawali ya kira daga Agadas:
a kai shi, ko nawa ne, ga jaka ɗari na turo.
Cima ta ce mutumin da ba ya iya zama kan tabarma
ta yaya zai kwana a mota har Yamai?
Sun yi ta yi a cikin wayata
ina riƙe da ita da hannu ɗaya,
ɗayan yana riƙe da fo.

Maƙwabciya ta kawo sassaƙe daga Tibiri.
Wani ya ce daji ne, a yi shiru kada ya ji ƙarfe.
Wani ya ce tsufa ne kawai.
Na karɓi duka, na yi godiya.
Tukunya uku ke kan murhu.

Da dare in wuta ta ɗauke
nakan fitar da shi tsakar gida.
Ba nauyi.
Wannan ne ke karya ni, ba warin ba, ba rashin barcin ba:
mutumin da ya saɓa ni a wuya zuwa kallon kokawa,
yau ina ɗaukarsa kamar damin kara.
Wani lokaci nakan yi fushi.
Shekaranjiya na daka masa tsawa a kan cokali,
na fita zaure na ciji hannun rigata.

Daren jiya ya kamo hannuna,
ya kai shi daidai wurin, bai lalube ba.
Ya ce, Tsahiru,
fata dubu nawa ta bi ta hannun nan?
Tun tana jikin akuya nake sanin inda za ta huje.
Kana zaton tawa ce za ta ɓoye mini?

Ya ce bar kuɗin Lawali, a gyara rufin ɗakin uwarku.
Ya ce gobe ina son kilishi,
ba don in ci ba, in tsotsa.

Da asuba na hau kabu-kabu har bakin kasuwa.
Na jaka ɗaya na sayo, mai yaji kaɗan.
Yana nan a kuncinsa tun hantsi,
idonsa a rufe.

Ban san yadda zan rubuta wannan a takarda ba.
Na sa: shida.