Dutsen da Ya Daina Faɗa

Mun bar Sawakin ana kiran assalatu,
gishirin teku na manne a leɓena,
motar Ohaj na tari kamar mai ita.
Kusa da Arkawit ya kashe ta,
ya ce, daga nan kuma sai ƙafa.

Shekara talatin ina ƙirga buhu a bakin jirgi,
riɗi, ƙaro, gyaɗa,
ban taɓa ƙirga numfashina ba sai yau.
Taku arba'in, in tsaya.
Taku talatin, in tsaya.
Tasalla na gaba da gorar ruwa,
tana waiwaye irin na uwarta,
ba ta cewa komai, tana dai waiwaye.

Hanyar ba hanya ba ce, sawun awaki ne,
tsaye kamar tsanin rufin soro.
Na kama saiwa, na kama reshe,
na kama ƙaya, ita ma ta kama ni.
Ƙerana ta miƙa hannuwa sama
kamar mai addu'ar da ba a amsa ba tukuna,
ga wasu itatuwa da ban san sunansu ba,
gemun gansakuka na reto a wuyansu,
raɓa na ɗiga daga ganye zuwa ƙeyata.
A ƙasar da na sani da ƙishi,
ashe akwai inda itace ke gumi.

Na hango kan dutsen, na ce mun iso.
Ohaj ya yi dariya har sandarsa ta faɗi.
Kakata Kyauta ce ta faɗo mini,
wadda ta tako daga Haɗeja da niyyar Makka,
teku ya tare ta, ta zauna, ta haife mu.
Takan ce hangen Dala ba shiga birni ba.
Ni ban taɓa ganin Dala ba,
amma yau gwiwoyina sun fahimci maganar.

A wata inuwa Ohaj ya tsinci baƙin dutse,
ya aza mini a tafi.
Ya ce kakansa na cewa
tsaunin nan ya taɓa aman wuta,
ya tafasa, ya yi ruri, ya gaji,
sannan ya bar ciyawa ta hau kansa.
Ko haka ne, ko hirar makiyaya ce, oho.
Tasalla ta ce, kamar kai ke nan, Baba.
Na buɗe baki zan yi faɗa,
na tarar babu iskar yin sa.

Azahar ta same mu a ƙololuwa.
Na zo ne in ga teku daga sama,
in ga ruwan da ya hana Kyauta wucewa
ya ƙanƙance kamar faranti.
Girgije ya ce ba yau ba.
Fari fat, gabas da yamma,
ko ƙafar Ohaj da ƙyar nake gani.

Ya haɗa tsakuwa uku, ya hura wuta,
ya daka citta, ya dafa gahawa a 'yar tukunya mai dogon wuya.
Wutar kaɗai ke nan da ta rage wa dutsen,
ita ma mu muka kawo ta.
Na sha ɗaya, na sha biyu.
Can ƙasa wata akuya na kiran ɗanta.
Tasalla ta riƙe wuyan hannuna tana ƙirga,
ta saki, ba ta faɗi adadin ba.

Gangara ta fi hawa mugunta.
Takalmina na hagu ya yage baki,
Ohaj ya ɗaure shi da kaba.
Na sauko da baya a wurare biyu,
hannuna a kafaɗar yarinyar da na taɓa goyawa.

Da magariba muka ga teku,
daga tagar mota, inda muka bar shi.
Baƙin dutsen na aljihuna har yanzu.
Na taɓa shi ɗazu.
Da ɗumi, amma ɗumin nawa ne.