Huda Ta Takwas

Mutari ya zo rumfata bayan la'asar,
takarda a hannu, biro a kunne.
Ya ce, "Ilu, ɗamara goma sha biyu nake so,
irin ta sojan da, na zamanin Nasara.
Za mu yi wasa a Birni, gindin duwatsu.
Sai dai ƴan wasana ba su da tabbas,
yau ɗan lakwal ne kofur, siriri kamar kara,
gobe wani mai shago a Dole, da tumbinsa.
Yi mini wadda za ta karɓi kowa."

Na ce to.
Ban gaya masa akwai guda a gidanmu ba.

Tana cikin adakar Inna, ƙarƙashin zannuwa,
ta kakana Barmu ce,
wanda aka ɗiba a shekarar da ba ya son ambato.
Ta bushe, ta yi baƙi kamar gindin tukunya,
harshen ƙarfenta ya karkace.
Na shafa mata man gyaɗa, na shimfiɗa bisa katako,
na auna: taki biyar da yatsa uku.

Huda biyar na farko aikin inji ne,
reras, babu wadda ta leƙa gidan wata.
Uku na baya ba su san layi ba.
Ƙusa ce ta yi su, ko tsinin wuƙa,
kowace ta matso ciki fiye da ƴar'uwarta,
ta takwas ma saura kaɗan ta yaga fatar.
Na ɗaura a ƙuguna,
ni da ake wa dariyar rama a unguwa,
ban kai ta bakwai ba.

Da safe na tafi majema.
Na zaɓi kirgin bijimi, na gadon baya,
wurin da ba ya saki ko an ja shi shekara.
Warin bagaruwa ya biyo ni har rumfa.
Na tsaga, na fere gefe, na shafa kuloko,
na goge da ƙwalba har ya fara kallona.
Mato maƙeri ya zuba mini ƙarafan
da tagullar kan famfo da ya shekara bai ga ruwa ba.
Basilla ta soke ni sau biyu a babban yatsa,
jinin yana cikin ta huɗu, in an duba.

Ranar gwaji dariya ta tara mutane.
Mai shagon ya haɗiye numfashi, ya ɗaga kai sama,
bakin ɗamara ya ƙi gaisawa da ƙarfe.
Na zauna na sake yanka masa mai tsawo,
na ƙara huda uku ta wajen ƙoshi.
Soja ke nan, in ji yara, sojan tuwo.

Ta goma sha biyu na yi ta da dare, ni kaɗai.
Na ajiye mahudi, na zare ƙusa daga jikin benci,
na huda uku a karkace, yadda na gani.
Mutari ya ɗaga ta gaban fitila, ya tsuke baki.
"Wannan ta ɓaci, sai ka rage mini jaka guda."
Na ce ɗauki, na rage.

Ran wasan na hau dutse, na zauna.
An busa begila, an buga ƙafa, an harba albarushi,
waɗanda suka mutu suka tashi suna karkaɗe wando.
Na bi ƙugu ɗaya ɗaya da ido
har na gan ta jikin wani yaro a ƙarshen sahu,
ɗan Garin Malam, ban san sunansa ba.
Ya ɗaure ta a huda ta biyar,
ukun suna boye ƙarƙashin harshen fata,
yana ta ɗaga wa babarsa hannu.

Na sauko kafin a watse.
Ta Barmu tana rumfa, ban mayar ba tukuna,
Inna kuwa ta fara tambaya.