Masu Cin Man Gas a Fadamar Kwalkwalawa

Tankar ta kife ranar Talata,
bayan la'asar, dab da gada.
Direba ya fito da ransa, yana ɗingishi.
Man kuwa bai tambayi hanya ba,
ya gangara cikin fangali goma sha ɗaya
inda albasata ta fara ɗaga kai.

Kwana uku, ganye ya yi rawaya.
Kwana bakwai, ko tana ba ka gani.
Na damƙi ƙasa na kai hanci,
warin gareji ya mare ni,
a gonar da Baffa Jabbi ya bar mini.

Sai ga Luba, ɗiyar Modi mai gyaran famfo,
wadda ke karatu nan jami'a,
da 'yan kwalabe da cokali cikin jaka.
Ta ce, "Kawu, ƙasarka suma ta yi.
Akwai masu cin wanga mai a cikinta,
ƙanana ne, ido bai ganinsu,
cokali guda ya fi Sakkwato jama'a."
Na ce, "Mi? Masu cin man gas?
Ko injin ban-ruwana sai ya yi tari
kafin ya haɗiye shi."

Ta yi dariya, ta lissafa mini sharuɗɗa:
kashin shanu daga Kara, buhu tara,
ɓuntun shinkafa daga injin Tambari,
a juya ƙasa duk ranar Asabar
don su ma suna son numfashi,
a yayyafa ruwa, kada a cika.
Na zama mai kiwon abin da ban taɓa gani ba.

Sannan ɗari ya sauko.
Ruwan alwala ya koma allura,
yatsu suka ƙi riƙe fartanya.
Luba ta auna, ta sake aunawa,
ta rufe littafinta a hankali.
"Sun lafa," in ji ta, "kamar ƙadangare
da ke jiran hantsi a kan katanga."

Ta zauna bisa kunya tana ba ni labari:
wai akwai ƙasashen da ƙasa ke daskarewa
har gatari ya koma da baya,
can ma mai na zuba,
can ma akwai irin waɗanga bayin Allah,
suna ci, loma guda a yini,
mutane su tara ƙasa, su lulluɓe, su jira
shekara biyu, uku.
"Mu namu sanyin baƙo ne, Kawu,
bai kawo tabarma ba."

Muka shimfiɗa baƙar leda,
muka danne da karan gero.
Ɗan Ige ya tsaya da kekensa ya ce,
"Ladan ya sayo wa ƙasa bargo,
shi yana kwana da tsohuwar riga!"
Ban tanka ba. Gaskiya ya faɗi.

Wata asuba na cusa hannu ƙarƙashin leda.
Ɗumi.
Irin na ƙarƙashin kaza mai kwanci.
Na daɗe a tsugune ban cire ba.

Da bazara ta kama, warin ya yi sauƙi.
Luba ta binne wake goma don gwaji,
bakwai suka tsiro, ɗaya a karkace.
Ta ce kada a ci, a ƙara jira.
Mai tanka har yau bai aiko da sisi ba,
albasar bana kuwa ta tafi ke nan.

Amma jiya fartanya ta tono tana,
ja, mai ƙiba, tana mutsu-mutsu.
Na mayar da ita, na rufe da hannu.

Luba ta faɗi sunansu sau uku,
harshena ya kasa ɗauka.
In na iso da safe dai, kafin in tuɓe takalmi,
nakan duƙa in ce, "Sannunku da aiki."