Binne

Akan shuka hatsi tun ruwa bai sauka ba.
A garinmu, bayan Mirriya, binne muke ce masa:
ka sari busasshiyar ƙasa, ka zuba, ka take da diddige,
ka koma gida kana duban gabas.

Ni ma binne nake yi bana,
sai dai gonata tana Zongo, a shagon Mutari,
inji na huɗu daga ƙofa, mai gogaggun haruffa,
dala arba'in awa guda.

Mushe Barma ne ya nuna mini ta farko,
takarda manne a allon jami'a, rana ta cinye rabinta:
bursi ga ɗaliban noma, mutum shida kacal.
Ya ce, Hamsatu, kada ki tsaya a nan,
rami ɗaya ba ya cika rumbu.
Na tona, na tona, na sami tara.
Uku sun rufe tun ina jarrabawa.
Ɗaya na son Ingilishi, nawa kuwa na gaisuwa ne.
Ɗaya ya ce in fara aiko jaka ashirin;
na san gaugai in na gan shi, ko da furensa ya yi kyau.
Saura huɗu.

Suka ce takardar haihuwa.
Tawa ta ce ran ɗaya ga Janairu aka haife ni,
ni da rabin ajinmu.
Inna ta ce ƙarya ne, shekarar fara ce, ana roron wake.
Meri ba ta da hatimin shekarar fara.
Kwana biyu ina layi, tambur, sa hannu, fotokopi.
Ɗan akuyata ya tafi kasuwar Dole ran Alhamis,
ya dawo hoto takwas da takardu masu jan tambari.

Suka ce, nawa mahaifinki ke samu a shekara?
Gurbin lamba kaɗai yake karɓa.
Ina zan sa dami arba'in na shekarar albarka,
da sha bakwai na bara, da murzuna ta bi zangarniya?
Na kira Baba. Ya yi dariya har da tari.
Ya ce, rubuta musu: abin da Allah ya ba da,
a cire na tsuntsu.
Na buga da kuɗin tiya na kaka.
Lambar ta fito ƴar ƙarama, har na ji kunyarta,
sannan na ji kunyar jin kunyar.

Suka ce in faɗi dalilina a kalma ɗari uku.
Na ɗebo manya, ci gaba, yaƙi da yunwa,
na karanta, ban ji muryata ba, na goge.
Na rubuta gawo goma sha ɗaya
da kakata Magaram ta hana a sare,
yadda hatsin gindinsu ke fin na fili da kamu biyu,
da yadda nake so in auna dalilin
in mayar mata da shi da Hausa.

Daren rufewa wuta ta ɗauke.
Mutari ya ja igiyar janareto sau bakwai, yana ɗan zagi.
Ta dawo, inji ya ce dosiyena ya yi nauyi.
Ni da ke ɗauko jarka daga famfon Garin Malam
kafin asuba,
yau takarda tara aka ce sun yi nauyi!
Ya rage musu jiki har hatimi ya dushe.
Sha biyu saura minti shida, ya tafi.

Ɗaya ta amsa: mun gode, ba bana ba.
Uku shiru.

Yanzu ina gida, Baba na sara ina zubawa.
In rana ta yi sanyi nakan hau dutsen bayan gari,
inda waya ke kama layi biyu,
in buɗe, in duba, in rufe.
Jiya Inna ta hango ni, ta ɗaga murya,
ta ce, tunda kin hau, duba mana gabas.