Ɗaki na Bakwai, Aboabo

Ranar da na karɓi makulli
babu komai a ɗakin sai ƙusa uku a bango
da warin wanda ya tashi.
Na yi tari, ɗakin ya maimaita.
Na ce to, za mu saba.

Isiyaka tela, na bakin hanyar Asawasi,
duk abin da almakashinsa ya zubar
yana tara mini a buhun shinkafa:
kunnen atamfa, wutsiyar shadda,
da wani ɗan tsirin kente, faɗin yatsu biyu,
wai ragowar rigar wani lauya ne.
Dare goma sha ɗaya ina harhaɗa su.
Allurar hannu ce, ɗinkin bai miƙe ba,
ja ya zauna kusa da kore
kamar maƙwabtan da ba sa gaisawa.
Amma da na rataya shi a taga
sai rana ta shigo da safe cikin kayan salla.

Gwangwanin tumatir kuwa, babban nan,
Mame Adwoa mai dokunu ce ta ba ni.
Na cika shi da yashi don kada ya lotse,
na bi shi da ƙusa da dutse,
huda, huda, huda,
har babban yatsana ya samu rabonsa.
In an ɗauke wuta, kuma ana ɗaukewa,
sai in sa kyandir a ciki,
taurari su watsu a rufin kwano
har wajen da yake yoyo.

Kakata a Salaga da kaba take saƙa.
Ni nan kaba ta yi mini nisa,
ledar ruwa ce a kowane lungu.
Yaran gida suka tsinto, na wanke, na shanya,
na tsaga, na kitsa kamar kan amarya.
Tabarmar tana ƙara in an taka,
ƙus-ƙus, kamar tana gulma,
amma sanyin siminti bai ƙara kama mini ƙugu ba.

Kanta kam sau biyu tana faɗuwa.
Ta biyun ta tafi da kofin shayina.
Ban iya katako ba,
ba kuma zan yi ƙarya ba.

Yayana Awudu ya gangaro mini da tsohuwar tayar tasi
tun daga garejin Suame.
Na naɗe ta da igiya, zagaye bisa zagaye,
na ɗora mata matashi da na cusa wa tsumma.
Yanzu Fusaina in ta zo aron gishiri
a kai take zama,
gishirin na hannunta har a kira isha'i.
Ɗan Mame ya yi barci a tabarmar jiya,
uwar ta leƙo, ta ce a bar shi.

Ƙarshen wata Alhaji Mumuni ya zo karɓar haya.
Ya tsaya a ƙofa.
Ya tuɓe takalmi, abin da bai taɓa yi ba.
Ya dubi taga, ya dubi gwangwani,
ya zauna a taya, ya ɗan gwada ta da nauyinsa,
ya ce, ashe haka ɗakin nan nawa yake da kyau?
Na ji daɗi, wallahi. Har ruwa na ba shi.

Washegari ɗansa ya kawo takarda.
An ƙara sidi tamanin.

Na yi dariya har Fusaina ta leƙo.
Sannan na zauna na yi lissafi:
labule yana naɗuwa,
gwangwani zai shiga tukunya,
tabarma a hammata,
taya kuwa da ƙafarta za ta tafi.
Nasa ƙusa uku ne,
da yoyo.

Na koma wajen Isiyaka da buhuna.
Daren nan na fara wani labulen.
Ban san faɗin tagar ba tukuna,
shi ya sa nake barin baki
ta kowane gefe.