Baƙin Gari

A Kokkola rana rowa take a watan Disamba,
kafin ƙarfe uku duhu ya shimfiɗa tabarma.
Inkeri ta tsaya gaban allon sanarwa:
gurbin digirin digirgir, shekara huɗu,
a kan baturan da suka mutu.

Kakanta Urho a ramin Outokumpu ƙarfinsa ya ƙare,
ya fito da tari, da tafin hannu kamar ɓawon itace.
Da ta gaya masa, dariya ya yi har ya shaƙe:
"Wato ke bola za ki haƙa?"

Bolar ce kuwa.
An niƙe batir ya koma baƙin gari,
ta auna giram biyar, ta zuba asid,
ta jira.
Sau goma sha tara kwalba na ba ta laka.

Daren wata Talata, kofi ya huce a gefen ma'auni,
ruwan ya juya ja-ja:
kobalt ya amsa sallama.
Nikel na biye, kore shar.

Ta aika masa hoto.
Tsoho ya daɗe yana kallon wayar,
sannan ya ce, "Nawa ya rage a cikin lakar?"